Alƙali da Likita a Gidan Yari: Tarihin Shari'ar Coleman a Jihar Kaliforniya

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa idan alƙali ya yanke wa mai laifi hukuncin ɗauri, 'yan kallo sukan watse, kowa ya kama gabansa, ana ganin shari'a ta ƙare ke nan. To, amma akwai wata tambaya da ba a cika yi ba. Shin bayan an rufe ƙofar gidan yari, wa ke da alhakin lafiyar ɗaurarre, musamman ma idan mai taɓin hankali ne? Mutumin da ke waje, in ciwo ya kama shi, 'yan'uwansa za su kai shi asibiti ko wurin mai magani. Ɗaurarre kuwa ba shi da ikon zuwa ko'ina. Abin da hukuma ta ba shi shi ne rabonsa, abin da ta hana shi kuwa ya rasa ke nan.

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a bi diddigin yadda kotunan ƙasar Amurka suka shiga cikin wannan al'amari, har ta kai alƙali yana ƙirga yawan likitocin da ke cikin gidajen yari. Za mu ɗauki jihar Kaliforniya a matsayin misali, domin a can ne aka yi wata shari'a da ake kira shari'ar Coleman, wadda aka fara a 1990, aka kuma shafe fiye da shekara talatin ana fafatawa a kanta. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne iyakar abin da hukuncin kotu yake iya yi, da kuma abin da ya fi ƙarfinsa.

Yadda masu taɓin hankali suka koma kurkuku

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a fahimci shari'ar, dole a san dalilin da ya sa gidajen yari suka cika da marasa lafiya.

A farkon ƙarni na 19, a Amurka, kurkuku ne masaukin mai taɓin hankali idan ba shi da gata. A 1841 wata malamar makaranta mai suna Dorothea Dix ta je koyarwa a wani kurkuku na jihar Masachusets, ta tarar an kulle irin waɗannan bayin Allah a ɗakunan da ba a ɗumama su, ga shi kuwa ƙasar sanyi ce. Ta zagaya jihar tana bincike, a 1843 ta kai kuka gaban majalisar dokoki. Ƙoƙarinta ya taimaka aka yi ta gina manyan asibitocin gwamnati na masu taɓin hankali, aka kwashe su daga kurkuku aka kai su can.

Da tafiya ta yi tafiya, su ma asibitocin suka cika suka batse, suka lalace. A 1955 yawan mutanen da ke kwance a cikinsu ya kai kimanin 559,000. A daidai wannan lokaci ne aka samu sababbin magunguna masu kwantar da ciwon, sai masana suka ce ai gara a sallami mutane su koma cikin danginsu, su riƙa karɓar magani a ƙananan ɗakunan shan magani na unguwa. Shugaba Kennedy ya sa hannu a kan doka mai wannan manufa a 1963. A Kaliforniya kuma Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a kan wata doka a 1967 wadda ta tsaurara sharuɗɗan tsare mutum a asibiti ba da son ransa ba. An sallami mutane kam, amma ɗakunan maganin da aka yi alkawari ba a gina isassu ba. Da yawa daga cikin marasa lafiyar suka koma kwana a titi, daga titi sai hannun 'yan sanda.

Bugu da ƙari, daga ƙarshen shekarun 1970 jihar Kaliforniya ta ɗauki tafarkin tsananta hukunci, har ta kai ga dokar 1994 wadda ta tanadi ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai ga wanda ya aikata babban laifi karo na uku. Fursunonin jihar ba su kai 25,000 ba a 1980, amma a 2006 sun haura 170,000. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare: mutanen da Dorothea Dix ta fitar daga kurkuku, jikokinsu sun koma cikinsa.

Yadda kotu ta samu ƙofar shiga

A da, alƙalan Amurka ba sa tsoma baki cikin sha'anin gidan yari. Wata kotu a jihar Birjiniya ma ta yanke hukunci a 1871 cewa fursuna, muddin yana ɗaure, bawan hukuma ne. An daɗe a kan wannan ra'ayi, sai a shekarun 1960, lokacin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, aka fara sauraron ƙarar fursunoni. Madogararsu ita ce gyara na takwas na tsarin mulkin ƙasar, wanda aka yi tun 1791, wanda ya haramta yi wa mai laifi azaba ta rashin imani.

A 1976 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Estelle da Gamble cewa idan jami'an gidan yari suka san fursuna yana da ciwo mai tsanani, suka kau da kai da gangan, to sun karya wannan sashe. A shekarar da ta biyo baya wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce babu bambanci tsakanin ciwon jiki da ciwon ƙwaƙwalwa a wannan fuska. Sa'an nan a 1980, a jihar Tekzas, Alƙali William Wayne Justice ya zayyana abubuwa shida waɗanda dole kowane gidan yari ya tanada. Na farko, a riƙa tantance fursunoni don a gano marasa lafiya. Na biyu, a yi musu magani na gaskiya, watau kada a tsaya ga kulle su a ɗaki kawai. Na uku, a ɗauki ƙwararrun ma'aikata isassu. Na huɗu, a ajiye takardun jinya cikakku kuma a asirce. Na biyar, a ba da magunguna bisa kulawar masani. Na shida, a yi shirin hana kashe kai.

Duk wanda ya duba waɗannan sharuɗɗa zai ga cewa na ukun shi ne ginshiƙin sauran. Wa zai tantance, wa zai rubuta magani, wa zai lura da wanda ke shirin rataye kansa, in babu ma'aikaci?

Ƙarar Ralph Coleman

Ralph Coleman tsohon soja ne wanda ya yi yaƙin Biyetnam, yana kuma ɗaure a kurkukun Pelican Bay, wanda aka buɗe a 1989 can ƙuryar arewacin jihar, nesa da manyan birane. A 1990 ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke birnin Sakaramento, yana kukan rashin samun magani. Lauyoyi masu kare haƙƙin fursunoni suka karɓi ƙarar, kotu kuma ta amince a mayar da ita ƙara a madadin dukan fursunonin jihar masu ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani. Ana cikin haka, a lokacin zafi na 1991, fursunoni uku suka mutu a kurkukun Vacaville saboda tsananin zafi, alhali suna shan irin magungunan da ke hana jiki jure wa zafi. Wannan ya nuna cewa ko maganin ma, in babu mai lura, yana iya zama ajali.

An saurari shaidu a 1993. A watan Satumba na 1995 Alƙali Lawrence Karlton ya yanke hukunci cewa jihar ta karya tsarin mulki. Ya tabbatar da cewa akwai ƙarancin ma'aikata mai tsanani wanda ya daɗe, babu ingantacciyar hanyar gano marasa lafiya, takardun jinya a hargitse suke, sa'an nan ana horar da marasa lafiya saboda abin da ciwonsu ne ya sa su aikatawa. Da yake alƙali ba zai bar kujerarsa ya riƙa zagaya gidajen yari ba, sai ya naɗa wakili na musamman mai sa ido, wanda zai riƙa zuwa da tawagar masana, ya duba, ya kawo rahoto. Michael Keating ne ya fara riƙe wannan aiki, Matthew Lopes ya gaje shi a 2007.

A ƙarƙashin wannan sa ido aka tsara jinya hawa-hawa. Akwai masu ciwo mai sauƙi waɗanda ke zaune tare da sauran fursunoni suna ganin likita lokaci-lokaci. Akwai waɗanda aka keɓe musu sashe ana ba su kulawa ta kullum. Akwai gadajen gaggawa don wanda ciwonsa ya tashi, wanda ƙa'ida ta ce a kai shi cikin awa 24. Sa'an nan akwai kwanciya asibiti sosai. Kowane hawa yana da adadin ma'aikatan da yake bukata. A watan Yuni na 2002 alƙalin ya ba da umurni cewa guraben likitocin ƙwaƙwalwa da na masu kula da marasa lafiya waɗanda babu kowa a kansu kada su wuce kashi 10 cikin ɗari. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin a kansa aka yi ta jayayya har fiye da shekara ashirin.

Cunkoso ya cinye gyara

An ɗan samu ci gaba da farko, amma sai yawan fursunoni ya rinjayi duk abin da aka gina. Gidajen yarin da aka yi don mutum ƙasa da 80,000 suka ɗauki kusan ninki biyu. Aka jera gadaje masu hawa uku a ɗakunan wasanni da zauruka. A watan Oktoba na 2006 Gwamna Arnold Schwarzenegger da kansa ya kafa dokar ta-ɓaci a kan cunkoson gidajen yari.

Kotu ta gwada maganin ƙarin albashi. A tsakanin 2006 da 2007 aka ƙara wa ma'aikatan ƙwaƙwalwa na gidajen yari kuɗi bisa umurninta. Abin da ya biyo baya abin lura ne ƙwarai: likitoci suka yi ta barin asibitocin masu taɓin hankali na jihar suna komawa gidajen yari inda kuɗi ya fi tsoka, alhali waɗannan asibitoci su ne ake tura fursunonin da ciwonsu ya tsananta. An toshe wata ɓaraka, wata ta buɗe.

A gefe guda kuma akwai wata shari'ar, ta Plata, wadda aka shigar a 2001 a kan jinyar ciwon jiki, a gaban Alƙali Thelton Henderson. Lauyoyin shari'o'in biyu suka ga cewa muddin ba a rage mutane ba, babu gyaran da zai ɗore. To, amma Majalisar Dokokin Amurka ta riga ta yi wata doka a 1996 don taƙaita ikon alƙalai a kan gidajen yari, wadda ta ce alƙali ɗaya ba shi da ikon ba da umurnin rage fursunoni, sai an haɗa alƙalai uku, su kuma sai sun tabbatar cunkoso ne babban dalilin ɓarnar, kuma babu wata mafita. Aka haɗa Karlton da Henderson da Stephen Reinhardt a 2007. A watan Agusta na 2009 suka umurci jihar ta rage fursunoni zuwa kashi 137.5 cikin ɗari na adadin da aka gina gidajen dominsa.

Jihar ta ɗaukaka ƙara. Ranar 23 ga Mayu, 2011, Kotun Ƙoli ta tabbatar da umurnin da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda shi ma ɗan Sakaramento ne, shi ya rubuta hukuncin, kuma abin da ya kawo a ciki yana sa tsigar jiki ta tashi. Kashi 54.1 cikin ɗari na guraben likitocin ƙwaƙwalwa babu kowa a kansu lokacin da aka saurari shari'ar. Marar lafiya yakan jira har wata 12 kafin ya samu kulawa. A 2006 yawan kashe kai a gidajen yarin jihar ya ɗara matsakaicin na ƙasar da kusan kashi 80 cikin ɗari. Saboda rashin gadaje, akan tsare masu yunƙurin kashe kansu a cikin keji na ƙarfe wanda bai wuce tsayuwar mutum ɗaya ba, babu makewayi. Wani masani ya shaida cewa ya ga mutum a irin wannan keji ya kusa awa 24, yana tsaye cikin fitsarinsa, ba ya ko amsa magana, da aka tambayi jami'ai suka ce ba su da inda za su sa shi. Da yake gani ya kori ji, har hotuna aka liƙa a ƙarshen hukuncin.

Su ma alƙalai huɗun da suka ƙi suna da hujjarsu. Mai shari'a Antonin Scalia ya ce alƙalai ba su da ƙwarewar tafiyar da gidajen yari, wannan aikin zaɓaɓɓun shugabanni ne. Mai shari'a Samuel Alito kuma ya ji tsoron abin da zai sami jama'a idan aka saki dubban masu laifi. Duk da haka hukunci ya tabbata. Jihar ta yi doka a 2011 wadda ta mayar da masu ƙananan laifuffuka hannun ƙananan hukumomi, masu jefa ƙuri'a kuma suka sassauta hukuncin wasu laifuffuka a 2014. A farkon 2015 yawan fursunoni ya sauka ƙasa da iyakar da kotu ta gindaya.

Rigimar guraben aiki

Da an ɗauka cewa da cunkoso ya ragu magana ta ƙare. Gwamna Jerry Brown ma haka ya gani, don a farkon 2013 ya nemi kotu ta janye hannunta, Alƙali Karlton ya ƙi. Da Karlton ya yi ritaya a 2014, Alƙaliya Kimberly Mueller ta gaji shari'ar, ta kuma tarar da matsalar ma'aikata tana nan inda take. Jihar da kanta ta tsara wani jadawali a 2009 wanda ya nuna likita nawa ake bukata ga marasa lafiya nawa, amma ba ta cika shi ba. A watan Oktoba na 2017 alƙaliyar ta ba ta shekara ɗaya ta cika jadawalin, tare da sharaɗin nan na kashi 10 cikin ɗari.

Ana dab da cikar wa'adin, a 2018, sai babban likitan ƙwaƙwalwa na hukumar gidajen yarin jihar, Dakta Michael Golding, ya rubuta dogon rahoto yana cewa alƙaluman da ake kai wa kotu ba su nuna gaskiyar lamari ba. Alal misali, an tsawaita kwanakin da ake ƙirgawa tsakanin ganin likita da na gaba, ta yadda wanda aka makara a kansa zai fito a takarda kamar an gan shi a kan lokaci. A daidai lokacin kuwa jihar tana neman a yarda ta rage guraben likitoci bisa dogaro da waɗannan alƙaluma. Kotu ta yi bincike, a ƙarshen 2019 ta tabbatar da cewa an gabatar mata da bayanai masu ɓatarwa da sani. Darasin a nan a fili yake: idan hukunci ya rataya a kan lissafi, to lissafin ma sai an tsare shi.

A watan Fabrairu na 2023 alƙaliyar ta yi gargaɗi cewa daga watan Afrilu za a fara lissafa tara kowane wata muddin guraben ba su cika ba. An ɗora lissafin tarar a kan albashin da jihar ke adanawa saboda rashin ɗaukar ma'aikatan, don kada rashin bin umurni ya zame mata riba. Jihar ta kare kanta da cewa ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa ya game ƙasar baki ɗaya, ta ƙara albashi, tana kuma amfani da na'urar bidiyo don likita ya duba marar lafiya daga nesa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin yawancin gidajen yarin an gina su a ƙauyuka da hamada, aikin yana da haɗari, ga kuma asibitocin kuɗi suna zawarcin likitocin. Sai dai alƙaliyar ta ga cewa jihar ba ta yi iyakar abin da za ta iya ba. A watan Yuni na 2024 ta kama manyan jami'an jihar da laifin raina kotu, ta ci su tarar kusan dala miliyan 112. A lokacin marasa lafiyar da shari'ar ta shafa sun haura 34,000, watau fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukan fursunonin jihar.

A watan Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifin raina kotu, amma ta ce a sake duba lissafin tarar. A cikin wannan shekara kuma alƙaliyar ta ɗauki mataki mafi tsauri, ta karɓe ragamar jinyar ƙwaƙwalwa daga hannun jami'an jihar ta danƙa wa kantoma, watau Colette Peters, tsohuwar shugabar hukumar gidajen yari ta tarayya. Irin wannan mataki ne Alƙali Henderson ya ɗauka a kan jinyar ciwon jiki tun 2006.

Kammalawa

Daga shigar da ƙara a 1990 zuwa naɗa kantoma a 2025 shekara 35 ke nan. Gwamnoni shida sun hau kujerar mulkin jihar, sunan wanda ake ƙara yana ta sauyawa, alƙalin farko ma ya rasu a 2015 bai ga ƙarshen shari'ar ba.

Me wannan tarihi ya koya mana? A ganina, isar ma'aikata awo ne mai gefe biyu, gefe ɗaya likitoci, ɗaya gefen marasa lafiya. Da kotu ta taɓa gefen yawan fursunoni, cikin shekara huɗu bayan hukuncin Kotun Ƙoli aka cika umurninta, saboda buɗe ƙofa abu ne da ke hannun hukuma. Da ta taɓa gefen likitoci, sai aka shekara ashirin da 'yan kai ana jan ƙafa, domin alƙali yana iya tilasta wa gwamna ya buɗe gurbi ya ware kuɗi, amma ba shi da ikon tilasta wa likita ya bar birni ya tafi aiki a kurkukun hamada, ba shi kuma da makarantar da zai horar da sababbi. Waɗannan ayyukan majalisa ne da jami'o'i da masu tsara kasafin kuɗi.

Duk da haka ba za a ce wahalar banza aka yi ba. Kafin 1995 jihar ba ta ma da sahihiyar hanyar sanin marasa lafiya nawa ke hannunta. Sa idon kotu ne ya sa aka san yawansu, aka gina gadaje, aka kafa ƙa'idojin da za a iya kama jami'i da su in ya saɓa. Fursuna mai taɓin hankali ba ya cikin waɗanda 'yan siyasa ke neman yardarsu, in ba don kotu ba da wuya a samu mai ƙirga masa likitoci.

Tambayar da ta rage, wadda kuma ta fi ƙarfin kowane alƙali, ita ce dalilin da ya sa mutum fiye da 34,000 masu ciwon ƙwaƙwalwa suke karɓar magani a bayan katangar kurkuku. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Da an cika alkawarin ɗakunan maganin unguwa da aka yi a 1963, da wataƙila da yawa daga cikinsu likita suka fara gamuwa da shi kafin ɗan sanda. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma kiyashe mu, amin.